Minti-Biyar da Teburin Surukinsa

Duk layin Minti-Biyar ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Famfo ne ya ɗiga, fanka ce ta tsaya, mota ce ta ƙi tashi, kafin mai abu ya gama bayani zai ji murya ta bayan kunnensa: "Wannan? Aikin minti biyar ne." Daga nan sai mai abu ya fara salati, don ya san ya yi bankwana da kayansa. Shekara ashirin da shida ya yi yana tsaron sito a wani kamfanin injina, yana miƙa wa makanikai sifana da safe yana karɓa da yamma, shi ke nan ya ɗauka ilimin ya biyo sifanar ya shige shi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa da wannan sunan ba, kai ko da wani sunan ma, shi ne surukinsa, wanda kowa ke ce wa Baba. Shekarar da ya auri Malama ya je gaisuwa, ya tarar agogon bangon Baba yana lattin minti uku. Ba wanda ya sa shi, ya sauke ya gyara. Da ya mayar da shi bango noti biyu sun yi saura a hannunsa, agogon kuwa bai ƙara motsi ba har yau. Shi ma Baba tun ranar bai ƙara ce masa uffan ba. Ko gwiwa da gwiwa suke zaune, sai ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Gaya wa mijinki ya matsa, ya tare mini iska." Shekara ashirin da biyu ana haka. A gaban mutane Minti-Biyar dariya yake yi, amma abin yana cin sa a rai ba kaɗan ba. Ba abin da yake so a duniya kamar tsohon nan ya dube shi ido da ido ya ce masa ko da "kai" ne.

To, sai ga dama ta samu. Baba ya yi shekara talatin yana kula da teburan sunuka, wasan nan na tura ƙwallaye cikin rami da sanda, a kulob ɗin ma'aikata. Da aka rufe kulob ɗin aka bar masa tebur ɗaya, ya kwance shi da hannunsa ya adana. Bana ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, ya yi wata uku a asibiti. Likita ya ce ƙafa ta warke, in ya so tsayuwa zai tsaya, sai dai fa ya ƙi so. Yana zaune a keken marasa lafiya yana kallon bango. Ranar Asabar za a sallame shi, kuma gidan Malama zai dawo da zama.

"Na yi wani tunani," in ji Malama ranar Lahadi da safe, tana zuba wa mijinta shayi. "In aka haɗa masa teburinsa a tsohon garejin nan, wataƙila ya samu abin da zai miƙe dominsa. An ba ni lambar wani mutum, aikinsa ke nan."

Minti-Biyar ya dangwarar da kofi. "Ki kira wani ƙato ya shigo gidana ya haɗa tebur? Ina raye?"

"Ba irin teburin da ka sani ba ne, Maigida."

"Ƙafa nawa gare shi?"

"Huɗu."

"Ana ɗora abu a kansa?"

"Ana ɗorawa."

"To tebur ne. Wannan ai aikin minti…"

"Kada ka ƙarasa. Haka ka ce ranar firij."

"Firij ɗin nan da ciwonsa ya fito daga kamfani, ni dai a hannuna ya cika. Malama, ki bar ni da teburin nan. Ranar Asabar Baba zai shigo ya gani, ya ce wa ya yi wannan aiki, ki ce mijina ne. Sai ya juyo ya dube ni…"

Malama ta dube shi, tausayi ya kama ta, ta mayar da takardar lambar cikin jaka. Ita da bakinta ta amsa daga baya cewa a nan ta tafka nata kuskuren.

Ranar Litinin mota ta sauke kaya a ƙofar gida: gangar jikin teburin, ƙafafu huɗu masu kaurin turmi, alluna uku na baƙin dutse waɗanda kowanne sai da ƙarti huɗu suka yi nishi a ƙarƙashinsa, koren ƙyalle a naɗe, sanduna, ƙwallaye a kwali, da wani tsohon gwangwani. Nan da nan 'yan kallo suka hallara. Kafinta ya tsallako daga shagonsa, Magini ya leƙo ta katanga, Mai Aski kuwa da shagonsa ke jikin gidan ya jawo kujera waje, ya ce duk wannan makon mai son aski ya zo nan ya same shi.

Abin da ya fara ɓata wa Minti-Biyar rai shi ne ƙazanta. A gefen kowane allo akwai rubutu da farin alli, lambobi da kibiyoyi da 'yan layuka birjik.

"Dubi yadda aka yi wa kaya zane-zane," ya ce. "Tsufa ke nan." Ya kawo bokiti da soso ya durƙusa.

"Anya?" in ji Kafinta. "Mu dai in mun kwance abu, irin wannan alamar muke sawa don mu gane wa ke bin wa."

"Ku masu mantuwa ke nan. Ni a kaina nake ajiye taswira."

Ya wanke su tas, har suna ƙyalli. Ya buɗe gwangwanin, ya tarar da 'yan siraran katakai, wasu ba su fi kaurin takarda ba, kowanne da lambarsa, da dunƙulen kakin zuma. Katakan ya juye a kwandon shara, kakin kuwa ya goge takalmansa da shi, ya ce ko ba komai an ci riba.

Sai shigar da gangar teburin. Garejin an daɗe da toshe babbar ƙofarsa an sa ƙarama, gangar ta zo ta tokare.

"Ka kwantar da ita a gefe mana," in ji Kafinta. "Za ta wuce salin-alin."

Minti-Biyar ya yi masa kallon tausayi. "Teburin sunuka ba a kwantar da shi a gefe. Daidaitonsa zubewa yake yi."

Ya cire ƙyauren, ba ta shiga ba. Ya ɓamɓare katakon ƙofar, ba ta shiga ba. Ya ɗauko guduma ya rage bangon taki ɗaya dama da hagu, ta shige har da sarari. Da Malama ta dawo daga makaranta ta tsaya a gaban ramin tana tambayar ina ƙofa, Mai Aski ya ce mata ƙofa ta tafi hutu, ta dai bar gurbinta.

Ranar Talata aka ɗora alluna. Na tsakiya ya gane shi, don yankansa daban ne. Amma na kai da na ƙafa tagwaye ne sak, kuma abin da ke raba su jiya ya bi ruwan sabulu. Ya ɗora wannan nan wancan can, ya shafa hannu, ya ji tudu a mahaɗar. Ya sa aka juya, tudun ya koma ɗaya mahaɗar. Ƙartin da suka zo taya ɗauka suka ce su kam bayansu ba na haya ba ne, suka tafi.

"Magini, ɗan ba ni siminti rabin kwano."

"Siminti? A kan tebur?"

"Dutse da dutse, me ke haɗa su in ba siminti ba? Kai ne ma za ka tambaye ni?"

Magini ya kawo simintin, ya haɗo da filam ɗinsa, wato ma'aunin nan na magina mai ɗigon iska a cikin ruwa. "Ga wannan ma. Kuma ka sani, ni na zuba daɓen garejin nan. Da gangan na karkata shi wajen ƙofa don ruwan wankin mota ya riƙa fita."

"Ai ka gani! Ƙasa ce ta karkata, ba tebur ba. Ni tebur nake gyarawa." Ya ture filam ɗin da bayan hannu. "Riƙe kayanka. Idona ya fi shi."

Ya rufe ido ɗaya, ya durƙusa, ya hango allon daga wannan kusurwa, ya hango daga waccan, ya miƙe ya ce ya yi daidai kamar ruwa a kwano. Mai Aski ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya ajiye a tsakiya ya ɗauke hannu. Ƙwallon ta yi jim, sai ta kama hanya a hankali, ta tsallake tudun siminti, ta nufi ƙofa abinta.

"Ta san hanyar gida," in ji Mai Aski.

"Ƙwallon ce ba ta da lafiya. Kawo wata."

Aka kawo wata, ta bi sawun 'yar'uwarta. Aka gwada goma sha shida, ba wadda ta saɓa.

Ranar Laraba Minti-Biyar ya wayi gari da magani. Tun da ƙwallaye ƙofa suke nufa, ashe ƙafafun baya ne suka yi tsawo. Ya ɗauko jak ɗin motarsa ya ɗaga teburin, ya aika a aro zarto. Kafinta da kansa ya biyo zarton a guje.

"Don Allah, don Annabi, kada ka yanke katakon nan! Ba a samun irinsa yanzu. Ɗaga ƙafafun gaba ake yi, ɗan abu kaɗan za ka cusa a ƙasa."

"Cushe-cushe aikin malalata ne. Ni daga tushe nake gyara."

Ya yanke yatsa biyu daga ƙafafun baya. Aka sa ƙwallo, ta fasa zuwa ƙofa, ta juya ta nufi bango. Ya ce madalla, an samu canji. Ya zagayo ya rage na gaba, ƙwallo ta nufi taga. Ya rage ta wajen bango, ta nufi kusurwa. Haka ya yini yana zagaye tebur da zarto, Kafinta yana zaune a dakali ya haɗa kai da gwiwa kamar mai zaman makoki. Kafin la'asar, teburin da ke kai wa mutum ƙugu da safe ya dawo tsakiyar cinya.

"In ka ci gaba zuwa jibi," in ji Mai Aski, "a zaune za a riƙa bugawa. Ka ga ma Baba ya huta da tsayuwa."

Ƙafa ɗaya ta gaba kuwa hannu ya zarce a kanta, ta rage ba ta taɓa ƙasa. Minti-Biyar ya bar jak ɗin a ƙarƙashinta, ya ce dama teburan zamani haka suke zuwa, da abin ɗagawa da saukewa. Ɗaya ƙafar ya tallafe ta da babban ƙamus ɗin Malama.

Ranar Alhamis ta ƙyalle ce. Ya warware shi ya ji warin ajiya, ya ce Baba ba zai shaƙi wannan ba. Ya tafasa ruwa ya jiƙa shi, ya cuɗa, ya matse, ya shanya a rana tsaka. Da ya zo shimfiɗawa, ƙyallen ya tsuke ya bar kusan kamu ɗaya na dutse tsirara. Ya ja nan, can ya buɗe. Ya ja can, nan ya buɗe. Ya tsaya yana susar ƙeya, sai idonsa ya faɗa kan labulen falo. Kore ne shi ma, illa dai yana da furanni rawaya.

Malama ta dawo ta tarar da falo fayau, rana har kan kujeru.

"Ina labulena?"

"Yana aikin lada."

Ta leƙa gareji ta ga furanninta a miƙe a ƙarshen tebur, an danne su da ƙusoshi 'yan inci uku. Ba ta yi faɗa ba, wannan ne ya tsorata shi. Ta ce, "Maigida, saura kwana biyu. Lambar mutumin nan tana jakata. Ba wanda zai ji, sai in ce kai ka yi."

Gaskiya zuciyarsa ta ɗan raya masa ya amsa. Sai ya tuna Baba yana juyowa yana dubansa, kuma a ce aikin wani ne ake yaba masa? Ya girgiza kai. "An gama ai. Saura 'yan shafe-shafe."

Ranar Juma'a ya ce bari ya ɗan gwada bugu kafin baƙi. Ya ɗauki sanda, ya goga mata alli a baki yadda ya ga ana yi, ya sunkuya, ya ja ta baya. Ƙum! Gindin sandar ya daki bango. Ya koma ɗaya gefen. Ƙum! Sai a lokacin ya gane ya auna tebur, ya auna ɗaki, amma bai auna mai bugu da sandarsa ba.

Da wani ne, da tuni ya zauna ya yi tagumi, amma ban da shi. Gefen taga ya ce ba matsala, mai bugu sai ya fita waje ya zuro sanda ta taga, ya sha iska ma. Gefen ƙofa dama ba ƙofa. Gefen da ke jikin kicin ya ɗauko guduma ya huda rami daidai wucewar sanda. Gefe na huɗu bangon Magini ne, shi kuwa ya fito ya tsaya da cebur a hannu, don haka Minti-Biyar ya koma kan sandunan ya rage wa guda huɗu tsawo, suka dawo kamar muciya.

Saura sanda ɗaya, ta Baba ta kansa, a cikin kube na fata. Malama ta ɗauke ta tun ranar Litinin ta ɓoye a kan kabad. Ta ce masa, "Ka ga wannan? Ta girme ni a wajen Baba. In ka taɓa ta, ni da kai sai dai a ji."

"Ni me zan yi da ita?" ya ce, yana kallon saman kabad ɗin.

Da an bar abin a cikin gida da da sauƙi. Amma Minti-Biyar ya bi layi gida-gida yana gayyata: gobe da yamma za a buɗe tebur a gaban mai shi, kowa ya zo ya ga yadda ake aiki. Ranar Asabar kuwa layi ya amsa. Aka jera benci a tsakar gida, waɗanda ba su samu wuri ba suka cika taga da gurbin ƙofa. Teburin yana lulluɓe da zanen gado. Minti-Biyar ya sha doguwar farar riga, takalma na walƙiya da kakin zuma.

Malama ta turo Baba a kekensa. Ya rame, hannunsa ɗaya a kan cinya, idonsa a ƙasa. Mutane suka yi ta yi masa sannu, yana ɗaga kai da ƙyar.

Minti-Biyar ya yi gyaran murya. "Jama'a, wasu suna ganin aikin nan sai an ɗauko gwani daga nesa. To ga shi kwana biyar, ni kaɗai, ba filam, ba littafi, ba shawarar kowa."

"Wannan kam mun shaida," in ji Kafinta.

Ya kama gefen zanen ya fizge.

Baba ya ɗago kai a hankali. Ya dubi gajerun ƙafafu, ya dubi jak, ya dubi ƙamus, ya dubi tudun siminti biyu da suka taso a ƙarƙashin ƙyalle, ya daɗe a kan furanni rawaya. Leɓensa ya motsa. Minti-Biyar ya matso.

Baba ya juya wajen 'yarsa. "Tambayi mijinki, wannan mene ne?"

Abin ya soki Minti-Biyar har ƙahon zuci, amma ya daure ya yi murmushi. "Ki ce masa ya bari ya ga yadda yake aiki tukuna."

Ya jera ƙwallaye a cikin katakon jerawa mai kusurwa uku, ya ɗaga katakon a hankali. Ba wanda ya taɓa su. Ta gaba ta fara gangarawa, ta biyu ta bi ta, sauran suka shiga layi ɗaya bayan ɗaya suka nufi ramin teburin da ke kusurwar ƙofa.

"Ga su nan, ga su nan!" Mai Aski ya miƙe a kan benci. "Ja tana gaba, shuɗiya na bin ta, baƙa ta ce ba za a bar ta a baya ba! Jama'a, tebur mai buga kansa!"

"Ƙaramin saiti ne," in ji Minti-Biyar. Ya durƙusa ya danna hannun jak sau uku. Ƙwallayen suka tsaya cak, suka yi shawara, suka juya gaba ɗaya suka nufi bangon Magini.

"An canja gida! An dawo daga hutun rabin lokaci!" in ji Mai Aski.

Dariya ta ɓarke har waje. Ya sassauta jak, suka dawo. Ya ƙara, suka koma. Wata ta hau tudun siminti ta kasa wucewa, tana gaba tana baya. Wata ta shiga cikin furanni ta kwanta. Gumi ya jiƙa farar riga sharkaf. Ya saci kallon Baba, ya ga tsohon ya mayar da idonsa ƙasa, kamar yadda yake yi wa bangon asibiti.

Nan ne Minti-Biyar ya yanke shawarar fito da babban makami. Ya shige ɗaki da sauri, ya fito da kuben fata.

"Maigida!" in ji Malama.

"Bugun farko, don girmama Baba, da sandar Baba za a yi shi."

Ya zare ta. Baƙar sanda ce mai santsi, inda hannu ke riƙewa ya koɗe saboda shekaru. Ya zagaya gefen kicin, ya saita gindinta da ramin da ya huda, ya sunkuya, ya ja ta baya da ƙarfi. Sandar ta fi waɗanda ya gwada tsawo. Ta shige ramin ta zarce, aka ji ƙwal, sai tartsatsin faranti da kofuna daga kan kanta, ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe murfin tukunya ya faɗi ya daɗe yana juyi a ƙasa.

"Kayan baƙi ke nan," in ji Malama a sanyaye.

Minti-Biyar ya zaro sandar ya dube ta sama da ƙasa. "Na gano matsalar. Sandar ce ta yi tsawo. Kafinta, miƙo zarton nan."

"Ba da hannuna ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauko da kansa daga kan taga. Ya kwantar da sandar a gefen tebur, ya auna taki ɗaya, ya ɗora haƙoran zarto a kan baƙin katakon. "Ku kwantar da hankalinku. Wannan aikin minti…"

"KAI!"

Tsawar ta sa har na bakin titi suka waigo. Baba ne. A tsaye yake. Hannunsa ɗaya a kafaɗar Malama, ƙafafunsa na rawa, amma a tsaye. Ya saki kafaɗar, ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, a na uku ya dafa gefen tebur ya fizge sandarsa.

Minti-Biyar ya ja da baya a firgice, dugadugansa ya daki hannun jak. Jak ya yi tsaki ya sauka. Teburin ya durƙusa a kan gajeriyar ƙafarsa da wata irin ƙara, ƙamus ya yi tsalle ya fice, gefen katako ya danne bakin farar riga ya zaunar da mai ita daɓas a ƙasa. Ƙwallaye goma sha shida suka tsallake gefe suka zubo, suka bi gangaren da Magini ya zuba don ruwan wanki, suka fita ta inda ƙofa take a da, suka ratsa ƙafafun baƙi suka nufi titi. Rabin jama'a suka bi su a guje, rabi suka kasa tashi don dariya.

Baba bai ko kalle su ba. Ya nuna Minti-Biyar da sandar.

"Kai wane irin mutum ne? Kai ka wanke mini alamomin da na yi kwana biyu ina sawa? Kai ka zuba wa dutsen nan siminti? Siminti! Da kakin zuma ake like shi, sakarai! Ƙyallen nan shekara talatin ruwa bai taɓa shi ba, buroshi ake sa masa, shi ma gefe ɗaya ake bi. Ƙafafun nan da katako mai kaurin takarda ake ɗaga su, kai ka sa musu zarto! Bai ishe ka ba, sai sandata? Kai, dube ni ina maka magana!"

Minti-Biyar kuwa dubansa yake yi, baki buɗe, daga inda yake zaune a ƙasa. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya juya wajen matarsa.

"Malama, kin ji? Da ni yake. Ni yake wa magana."

Malama tana tsaye inda Baba ya bar ta. Hannunta ɗaya a baki, tana kallon ƙafafun mahaifinta, tana kuka tana dariya.

Baba ya bi gefen teburin yana dafawa, ya cusa hannu ƙarƙashin ƙyallen ya shafa allunan ɗaya bayan ɗaya. Ya sauke ajiyar zuciya. "Dutsen bai fashe ba. Allah ya rufa asiri. Ina gwangwanina?"

Malama ta shiga ɗaki ta fito da shi. Tun ranar Litinin ta tsince katakan daga kwandon shara, ɗaya-ɗaya. "Kakin ne dai babu, Baba."

"Yana ina?"

Duk wanda ke wurin ya dubi takalman Minti-Biyar.

Shi kuwa tuni ya fara dawowa hayyacinsa. Yana nan a danne, amma ya gyara zama ya ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji. "Jama'a, ku dai shaida ne. Likitoci wata uku suka yi da injina da allurai ba su tayar da shi ba. Ni daga yaye zane zuwa yanzu, nawa aka yi?"

Mai Aski ya dubi agogon hannunsa, ya ƙara duba, ya riƙe baki. "Wallahi biyar ne cif."

"To kun gani! Dama tun farko shirin…"

"Kai, rufe mini baki," in ji Baba. "Magini, kawo filam ɗinka. Kafinta, gobe ka zo mu ga yadda za a yi wa ƙafafun nan ƙari. Kai kuma, da cokali za ka kankare simintin nan, a hankali, ina zaune ina kallonka. Sati uku za mu yi, in ka yi shiru."

"In ban yi shiru ba fa, Baba?"

"Shida. Ɗaga nan in ga ƙasan."

Ya ɗaga, da iya ƙarfinsa, rigar ta yage har gwiwa bai ko waiwaye ta ba.

"Ba nan ba, sakarai. Can."

"To, Baba," in ji Minti-Biyar, bakinsa har kunne. Ya matsa can ya ɗaga.